Goman da Na Hana Shi

Shekarun baya, lokacin da aka turo ni aiki Dutse, ban san kowa ba sai mai shayin bakin titi. Iyalina suna Garki, sai Juma'a nake komawa. Da an tashi daga ofis, daga ni sai ɗaki sai rediyo.

A gidan da nake haya akwai wani abokin aikina, Kirista ɗan Filato, ya ɗan girme ni. Shi ya samo faffaɗan katako muka ɗora kan benci biyu a gindin darbejiya, muka ɗaura raga. Kullum bayan la'asar sai mu buga ƙwallon tebur wasa uku, har a kira magariba. Ni in nufi masallaci, shi ya kwashe kaya.

To ni Allah ya jarrabe ni da son tarihin wasan nan. Hannu kam babu, sai baki. Na san yadda 'yan China suka daɗe suna kwashe kofunan duniya, na san an ƙara wa ƙwallon girma, na kuma san an rage wasa daga maki ashirin da ɗaya zuwa sha ɗaya. Har abokina ya laƙaba mini Alƙalin Duniya, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Shi da tsohon lissafi ya saba. Na tasa shi gaba da cewa duniya ta wuce nan tuntuni, mu ne kawai muka rage. Ya ce sha ɗaya ai kafin mutum ya yi gumi an gama. Ban ƙyale shi ba sai da ya haƙura. Daga nan wasanmu uku ya koma ƙarewa rana na nan da sauranta. In shige ɗaki ina jin na gyara duniya, shi kuma in hango shi ta taga zaune kan benci yana ɗan tattaɓa ƙwallon shi kaɗai. Ban taɓa tambayarsa abin da ke hana shi shiga ɗaki ba.

Wata Alhamis na cinye shi duka ukun, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya riƙe ƙwallon a hannu ya ce, "Malam, mu ƙarasa wannan zuwa ashirin da ɗaya mana. Yau kaɗai."

Na yi dariya na ce doka doka ce, ko a China ba a ƙari. Na ajiye katakon buguna na tafi.

Da na dawo daga Garki ran Litinin, ɗakinsa a buɗe, an share tas. Mai gidan ya ce an yi masa canjin wurin aiki tun sati biyu, ya roƙa kada a faɗa mini don ba ya iya sallama. Shi ne kuma ya faɗa mini cewa matar abokin nawa ta rasu kafin in zo garin, kuma tun daga nan ba a ƙara jin dariyarsa ba sai a gindin darbejiyar nan. Katakon bugu biyu da ƙwallon suna kan tagata.

Na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce haba Alƙali, ba komai. Muka yi waya sau kaɗan, daga baya lambar ta daina shiga.

Har yau abin yana yi mini ciwo. Na haddace labarin zakarun ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma ban san halin mutumin da ke tsaye a ɗaya gefen tebur ba. Sauran watannina a gidan, da la'asar nakan jingina faffaɗan katakon da bango in yi ta bugawa ni kaɗai. In na kai sha ɗaya ba na tsayawa.