Sawun Takalmin Alhaji a Ciyawar Golf

Mun tashi da asuba, sallah kawai muka yi muka fito. Waɗanda suka san abin da zan faɗa ba su da yawa: ni, da ƙanwata Hajara, da Malam Idi direba wanda ya kai mu ya dawo da mu, da surukata Binta, da Alhaji Lawal shugaban kulob ɗin golf. Sai mijin Binta, wanda shi ne na fari a wurina, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba.

Binta ce ta aiko. Shekara goma sha ɗaya mijinta yana aiki a filin golf na Kaduna, yana share yashin da ke kewaye da ramukan da ake jefa ƙwallo. Bara aka ce a gwada shuka ciyawa a bakin rami ɗaya maimakon yashi, irin na ƙasashen waje, aka ɗora masa. Ciyawa ta fito, amma tun da aka fara taka ta kullum sai a same ta a yage. Manyan kulob suka ce bai iya ba. Ranar Asabar ɗin nan bayan gasa za su zauna, ko a bar shi, ko a sallame shi a ɗauko wani daga Legas. Saƙon Binta shi ne in zo in yi addu'a. Ni kuwa na ce wa mutanen gida jikoki zan je gani.

Ba zan ɓoye ba, zumuɗi nake yi kamar yarinya. Ban taɓa wuce Zariya ba. Daga ƙauyenmu na bayan Giwa zuwa Zariya hanyar duk ramuka, an kuma yi ruwa, fijon Malam Idi tana ta tangaɗi. Muna hawa sabuwar hanya mai tagwaye sai motar ta miƙe, babu gargada ko ɗaya. Masu zuwa gefensu daban, masu dawowa daban, babu mai cewa wani kauce. Na ce wa Hajara da haka aka tsara hanyar rijiyar garinmu da an huta da faɗa. A Jaji muka tsaya shan shayi. Burodin ya yi tsada, ga shi duk iska, na gaya wa mai shayin haka, ya ce ba shi ya gasa ba.

Muna isa Kawo wani jirgin soja ya taso ta wajen Mando, ƙasa-ƙasa, har ina ganin ƙafafunsa. Hajara ta dafe kai tana salati. Ni na leƙa ta taga na bi shi da ido har ya ɓace.

A Unguwar Shanu, inda su Binta suke zaune, gidaje a matse suke, lungu sai mutum ɗaya. Binta ta kawo koko da ƙosai, sannan ta kalli ƙafafuna.

“Inna, da silifas ba a shiga wurin.”

“Masallaci ne?”

“A'a, Inna, doka ce.”

“To sai in cire.”

“Ƙafa ba takalmi ma ba a yarda ba.”

Ta ɗauko takalmin kambas ɗinta mai igiya, ta durƙusa ta ɗaura mini. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa sa takalmi mai igiya ba. Na miƙe na taka, sai na ji ƙafata ta yi sauƙi, na zagaya tsakar gida sau biyu. Hajara ta ce saura in shiga soja. Ita na maƙwabciya aka aro mata, ya yi mata yawa, tana tafiya yana faɗuwa.

Muka bi ta Unguwar Rimi. Gidaje masu katanga, itatuwa a jere, titi shiru kamar an yi rasuwa. A ƙofar kulob akwai allo, Binta ta karanta mini. Ba a wasa da babbar riga. Ba a wasa da riga marar kwala. Ba silifas. Ba a magana idan mutum zai buga. Na ce wa ya kafa wannan? Ta ce tun zamanin Turawa yake.

Abin da na gani a wurin ajiye motoci ya isa labari shi kaɗai. Manyan mutane, masu furfura, su fito da babbar riga da hula, su buɗe bayan mota, su tuɓe, sai ga su cikin 'yar riga an cusa ta a wando, tumbi a gaba. Na kau da kai, amma ban kau da shi duka ba. Sannan kowa ya sa wani takalmi mai ƙusoshin ƙarfe a ƙasansa. Idan suka taka siminti ƙaras-ƙaras kake ji kamar an saki dawaki. Binta ta ce don kada santsi ya ɗebe su lokacin bugu.

Filin kuwa, Allah mai iko. Ƙasa shimfiɗe har iyakar ganinka, ga ruwa ya jiƙa ta, babu dawa babu gyaɗa. Na yi ta lissafin damin da za a samu a raina. Amma da aka kai mu ramin ciyawar, sai na manta da dami. Kore shar, a kwance lif kamar sabuwar darduma, babu tsinke ɗaya da ya fi wani tsawo. Na so in durƙusa in shafa. Shi mai aikin, mijin Binta, yana can gefe da kayan aiki, ya zo ya gaishe ni, na amsa ina kallon wani wuri. Hajara ce ta yi ta sa masa albarka.

Aka tsayar da mu bayan igiya, ƙarƙashin wani maɗaci. 'Yan wasan farko suna isowa na ce musu sannunku da aiki, da ƙarfi yadda ya kamata. Wani Bature ya ɗaga kai daga kan ƙwallonsa, Binta ta kama hannuna tana raɗa. Daga nan na kama bakina. Da ƙwallon wani ya gangara a hankali ya faɗa rami, sai na ji kaina ina tafi tare da kowa. Wasan yana da daɗi, wannan gaskiya ne.

Tunda an hana ni magana, sai na koma kallon ƙafafu. Ni da na yi shekaru ina gane akuyar wa ta shiga mini gona, wannan ba aiki ba ne. Kowa ya taka, ƙusoshinsa na barin 'yan ramuka kamar kaji sun yi tsattsaga, ba su da wata illa. Ƙungiya huɗu suka wuce ciyawa lafiya. A ta biyar akwai wani dattijo fari mai jiki, kowa na rusuna masa. Ƙafar dama yana ɗaga ta. Ta hagu jan ta yake yi, kaɗan, yadda sai mai lura zai gani. Da ya juya zai ɗauki ƙwallonsa, ƙusoshin suka tsaga ciyawar kamar an ja manjagara. Ya fita ya bar tsaga uku.

Na ce wa Binta wane ne wancan. Ta ce Alhaji Lawal ne, shugaba, shi zai jagoranci zaman yau.

Da mijinta ya zo gyara wurin na matsa bakin igiya, na ce, “Kai, ka ga abin da na gani?”

Bai ɗago ba. “Inna, duk ma'aikata sun sani. Wa zai faɗa?”

Nan zumuɗina ya kwanta. Shi ba zai iya faɗa ba. Ni kuma ban taɓa buɗe baki a gaban mutane na yi magana a kan ɗan fari ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na tsaya ina juya abin har aka kira azahar.

Alhaji na zaune a kujera kusa da famfo, ya cire takalmin ya sa silifas zai yi alwala, yana murza gwiwa. Na je na durƙusa daga nesa muka gaisa.

“Alhaji, tun yaushe gwiwar nan ta hagu take damunka?”

Ya dube ni. “Hajiya, wa ya gaya miki? Ko abokan wasana ban gaya wa ba.”

“Babu wanda ya gaya mini. A ciyawa na gani.”

Ya ce in nuna masa. Ya ɗauki takalmin a hannu muka tafi, shi da silifas, a filin da aka ce ba a shiga da silifas. Mai gadi ya ga haka ya juya yana kallon sama. Tsaga ɗaya ba a riga an gyara ba. Alhaji ya sunkuya da ƙyar ya kifa takalmin a kai, ƙusa ta hau kan layinta daidai. Ya daɗe a haka.

Ya kira mai aikin. “Ka san da wannan?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Wata biyu muna zaginka, ka sani?”

Sai Alhaji ya juyo gare ni. “Ke kuma, Hajiya, me kike a wurinsa?”

Na ce, “Garinmu ɗaya.”

Hajara, wadda ba ta iya riƙe magana, ta ce, “Ɗanta ne na fari, ranka ya daɗe.”

Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar mai aikin don kada ya faɗi. Ya ce shi ma na fari ne, tsohuwarsa har ta koma ga Allah “wancan” take ce masa.

Zaman nasu ya kai la'asar. Muna zaune a inuwa aka kawo mana lemo mai sanyi da wani nama a tsinke, yaji kaɗan, amma ya gasu. Ba duka aka samu ba. Alhaji ya nemi a hana takalmin ƙusa a kan ciyawa duk damina, wasu suka ce santsi zai kayar da su, aka bar maganar sai wani zama. Amma shi ya ce daga yau da takalmin roba zai riƙa wasa, ya kuma faɗa musu dalili da bakinsa. Mai aikin an bar shi a kan aikinsa, an ce bayan damina a duba ko za a ƙara masa rami na biyu. Binta ta yi ta kuka. Na ce ta share fuska mutane na kallo.

Malam Idi ya ɗauko mu a Kawo. Hajara ta yi barci tun kafin Jaji, ni idona biyu har gida, muka shiga ana kiran isha'i. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, mutanen can sun rubuta doka a kan riga da kwala da silifas, kuma suna bin ta, ban raina musu ba. Amma babu wanda aka ba aikin gaya wa babba cewa yana jan ƙafa, kuma saboda wannan kaɗai an kusa raba mutum da abincinsa.

Da gari ya waye na daka citta da kanumfari, na narka man kaɗanya na kwaɓa, na cika gwangwani. Na tare Malam Idi a bakin hanya kafin ya cika mota. Na ce ya kai wa Binta, ta ba mijinta, shi ya kai wa Alhaji hannu da hannu. A shafa safe da yamma, a ɗaure da tsumma mai ɗumi. Kuma a gaya masa in ji ni, ko gwiwar ta saki, kada ya koma wa takalmin ƙusa sai ciyawar ta yi ƙarfi.