Bangon da Na Shafe

Jiya a kasuwar Gadarif warin fenti ya buge ni, sai Kawu ya faɗo mini a rai, shi da yake zana furanni a jikin motocin ɗaukar riɗi.

Shekarar da famfon unguwarmu ya ƙafe, Kawu ya zana matan unguwa a bangon gidanmu, kowacce da jarkarta babu ruwa, har da fason ƙafafunsu. Ina neman aikin gwamnati a lokacin, tsoro ya kama ni, na shafe zanen da farar ƙasa yana masallaci.

Da ya dawo ya taɓa bangon, danshin ya manne masa a yatsu.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, haushin nan in ban sauke shi a bango ba, a kan mutane zan sauke shi."

Ya sake zanawa. Da maza suka ga iyayensu mata a bango, kunya ta sa suka haɗu suka haƙa rijiya.

Na sha ruwanta shekaru, ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kawu, Allah Ya shayar da kai Alkausara, Ya sa ka yafe mini.