Baba Tobiya Ya Ajiye Makullin Motar Lau

Kafin ƙarfe shida na safe Baba Tobiya ya riga ya zagaya motarsa sau biyu. Zagayen farko na tayoyi ne: yakan durƙusa ya ƙwanƙwasa kowace da sifana yana kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Na biyu na ruwa da baƙin mai ne. Sai ya shiga ya taka burki sau uku, ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi addu'arsa da harshen garinsu, Kona, sannan ya tayar ya nufi tasha a Jalingo, ya bi layin masu zuwa Lau. Da safe ya kai malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da rana ya dawo da mata masu kifi da buhunan shinkafa. Haka ya yi shekara talatin da tara, ban da Lahadi, har watan jiya da ya ajiye makulli.

A tasha ba kowa ya san sunansa na gaskiya ba. Baba Sittin ake ce masa, don allurar motarsa ba ta wuce sittin, ko da hanya ta miƙe babu ko akuya a kanta. Da tsokana sunan ya fara. Daga baya kuwa mata masu ciki da tsofaffi sukan bar mota biyu su cika su tafi, su zauna a benci suna jiran layinsa ya zo.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a gaba ya sha jin ƙorafinsa kan tuƙin zamani. Ya fara aiki lokacin da hanyar Lau take jar ƙasa, da damina a yi awa huɗu ana kokawa da taɓo. A wancan lokaci, in ji shi, in motarka ta kafe, direban da ya zo bayanka shi zai fara tuɓe takalmi. In kun haɗu da mai tahowa, zai rage gudu ya leƙo ya gaya maka inda ruwa ya ci hanya.

"Yanzu fa?" yakan ce. "Kwalta sumul, mota sai ka ce jirgi, gilashi a rufe, waya a kunne. Ka ɗaga wa mutum hannu, ya ɗauka roƙo kake. A cikin gari kuma 'yan keke mai ƙafa uku su fito maka ta hagu, su fito ta dama, wani ma kamar daga ƙarƙashin motar ya tsiro."

Amma ba ya yarda a zagi sabuwar hanya a gabansa. Ya taɓa ɗauko mara lafiya daga Lau a tsohuwar hanya, mutumin ya cika suna tsakiyar taɓo, asibiti na can nesa. Tun daga ranar, in wani ya ce zamanin da ya fi, sai ya girgiza kai ya ce a bar maganar, wanda bai ɗauki gawa a kujerar baya ba shi ke kewar taɓo.

Alhaji Njidda, dillalin shanu, shi ya fi kowa iya ba da labarin ranar kwalbati, wataƙila don shi ya fi kowa jin kunya a ranar. Shekara ashirin da wani abu ke nan, cikin watan Agusta, tun ba a gyara hanyar ba. An kwana ana ruwa. Ruwan ya sa Tobiya ya kwana a Lau, suka taso da safe, Njidda yana gaba, hankalinsa na kasuwar shanu ta Iware inda masu saye ke jiransa. Suna isa wata kwalbati sai suka tarar ruwa yana bi ta samanta, bai ma kai gwiwa ba. Ga sawun wata mota da ta tsallaka ba da jimawa ba.

Tobiya ya tsaya, ya sauka, ya karyo reshe ya shiga ruwan yana dogarawa. Ya kai tsakiya ya tsaya cik, ya daɗe bai motsa ba. Da ya dawo, sai ya ja motar baya ya gindaya ta a tsakiyar hanya, ya zare makulli ya sa a aljihu.

"Direba, mene ne haka?" in ji Njidda.

"Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Ruwa ya rarake ta ta ciki. Ba mai wucewa."

"Yanzu wata ta wuce!"

"Ita Allah ya tsallakar da ita. Ni ba zan gwada da mutum goma sha takwas ba."

Njidda ya ce babu irin maganar da bai gaya masa ba a ranar. Ya ce masa matsoraci, ya ce masa ya koma noman doya tunda mota ta fi ƙarfinsa. Mata masu kifi suka kama nasu, kifinsu zai lalace. Motoci suka taru a baya ana ta danna hon. Wani direban tipa ya sauko ya ci kwalarsa ya ce ya janye motar ko ya ture ta. Tobiya ya ce, "Ka ture. Amma ina ciki." Ya koma ya zauna a kujerarsa ya harɗe hannu.

Ba a yi awa ɗaya ba suka ji ƙara kamar an sauke tipar duwatsu. Rabin kwalbatin ya rufta, ruwa ya yi gaba da shi, ya bar rami da zai haɗiye bas har rufinta. Njidda ya zauna daɓas a cikin taɓo da babbar rigarsa. Da ya samu ya miƙe, ya je tagar direba, ya rasa da wace Hausa zai fara, sai Fulatanci ya kuɓuce masa: "Useko, useko," wato na gode, na gode. Tobiya ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka shiga mu juya, akwai wata hanya ta cikin gonaki. Kasuwa dai ta wuce ka yau." Daga ranar suka ƙulla abota. Duk Sallah da naman Njidda a gidan Tobiya, duk Kirsimeti da shinkafar gidan Tobiya a gidan Njidda.

Labarin Saratu kuwa bai yi ƙara irin wannan ba, don a filin ƙwallon wata firamare ya faru. Mijinta direban a-kori-kura ne, yana jigilar doya daga Iware. Wata rana ya tsaya a wata kwana yana ɗaure lodi, wata mota ta taho a guje, mai ita yana kallon waya, ta ɗebe shi. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da motar a ƙofar gida. Dangi suka ce a rabu da motar. Saratu ta bari aka gama makoki, sannan ta tari Baba Tobiya a bakin coci.

"Baba, so nake ka koya mini tuƙi."

Ya dube ta da kyau. "Kin taɓa riƙe sitiyari?"

"Ko keke ban iya ba."

"To, madalla. Babu mugun halin da zan fara cirewa. Ki zo ƙarfe huɗu."

Wata biyar suka yi, kowace Lahadi da yamma, ranar da ita kaɗai yake hutawa. Ta kashe motar ya fi a ƙirga, ta taɓa kayar da turken raga, mutane suna tsayawa a bakin fili suna dariya. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. In ta saki kuloci da ƙarfi motar ta yi tsalle, sai ya ce, "Ba komai, ita ma gaishe ki take. Sake."

Ranar da suka hau babban titi, ta lura ya sa ta ta miƙi hanyar Iware. Da suka doshi kwanar da mijinta ya rasu, sai ta gangara gefe ta tsaya.

"Baba, ba zan iya ba. Ka karɓa ka wuce da mu."

"In na karɓa yau, gobe wa zai karɓa? Nan ce hanyar abincin yaranki." Ya bar ta ta yi kukanta har ta gaji. Sannan ya ce, "Sa giya ɗaya. Ba ma sauri."

Da giya ɗaya ta wuce kwanar, hawaye na zuba, yana gaya mata ta duba madubi. Yau shekara bakwai Saratu tana jigilar doya, babbar 'yarta tana makarantar koyon aikin jinya. In kun ga a-kori-kura shuɗiya da mace a gaba, tana ba da sigina ko da babu kowa a bayanta, ita ce.

Kai ne, Baba, ka yi wannan. Kai ne ka ɗauki zagin mutum goma sha takwas don su kwana a gidajensu. Kai ne ka ba da hutunka na wata biyar ga matar da ba danginka ba. Tobiya na Kona, mai sanyin ƙafa a kan totur, wanda bai taɓa zubar da jinin ko ɗan akuya a kwalta ba.

Abin da ya raba shi da mota ba wanda ya gani sai shi. Wata Laraba da azahar yana shigowa gari, ya doshi shataletale, sai kawai ya ga keke a gaban hancin motarsa, cike da mata. Ya taka burki, keken ya wuce, fasinjoji ba su ma katse hirarsu ba. Shi kuwa gumi ya karyo masa. Ya san keken ba daga sama ya faɗo ba. Ta hagunsa ya taho a fili, shi ne bai gan shi ba.

Washegari ya sa 'yarsa Jemima, malamar makaranta, ta raka shi asibitin ido. Likita ya gwada, ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe yana shigowa tsakiya. Magani zai tsayar da shi, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Abokan aiki a tasha suka taru a kansa. Suka ce ai gabansa yana gani tar, kuma hanyar Lau ko an ɗaure masa ido zai kai mota. Wani ya ce wa ma ya sani in ba shi ya faɗa ba?

"Ni na sani," in ji shi. "Hanya na haddace. Yaron da zai tsallaka gobe ban haddace shi ba."

Ya miƙa wa shugaban tasha makulli ya ce a nemo mai hankali ya ja motar. Ya gaisa da kowa, har mai shayi da mai faci, ya fita da ƙafa.

Jemima ta ɗauka zai ji sauƙi. Da yamma ta same shi zaune a gindin mangwaron gida, ta kawo masa kunu, ta zauna kusa da shi tana son ta faranta masa.

"Baba, ai ka huta. Dama kullum kana cewa tuƙin yanzu babu daɗi."

Ya juyo da sauri. "Ni na ce babu daɗi?"

"Kullum sai ka yi faɗa da 'yan keke da masu waya."

"Faɗa na yi. Ban ce babu daɗi ba." Ya juya kofin a hannunsa. "Ke ba ki sani ba. In aka yi ruwa da asuba, na fita gari na wuce Kona, kwalta a wanke, duwatsu sun yi shar, injin yana tafiya daidai ba ya neman komai a wurina. Na duba madubi na ga rabin motar suna barci, wata ta saki baki, jaririnta a ƙirji. Mutum ba ya barci a motar wanda bai yarda da shi ba, Jemima. A tsohuwar hanya wa ya isa ya yi barci? Wannan daɗin sabuwar hanya ce ta ba ni shi. Har ranar Larabar nan da safe na ji shi."

Jemima ta ce tun rasuwar mahaifiyarsu ba ta ga hawayensa ba sai ranar.

"To me ya sa ka bari tun likita bai ce dole ba?"

"Don suna barci," in ji shi. Ya share fuska da hularsa, ya ɗauki kunun ya sha.

Baba Tobiya, ba a ba ka lambar yabo ba, babu titin da aka sa wa sunanka, kuma da wuya a sa. Amma daga Jalingo zuwa Lau akwai gidajen da ake zaune cikinsu lafiya, uwa tana nan, uba yana nan, ba su ma san kai ne dalili ba. A madadinsu muke cewa mun gode. Allah ya tsayar maka da sauran ganinka, ya sa ka ga jikokin Jemima da idonka.

Ku kuma da makulli ke hannunku yanzu, masu bas da masu keke da masu motar gida, hanyar da kuka samu ta fi wadda ya samu kyau, motocinku sun fi tasa lafiya. Ku ajiye waya in kun kama sitiyari. Ku je a duba muku ido ko ba ku ji ciwo ba. In ranar sauka ta zo, ku sauka da ƙafarku tun ba a sauke ku ba.

Yanzu a keke yake zuwa coci, a kujerar baya. Ba ya yi wa matuƙin faɗa. Sai dai wanda ya zauna kusa da shi zai ga duk sanda aka doshi mararraba, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasan keken a hankali, tana neman burki. Sannu da aiki, Baba. Ka ɗage ƙafar, ai ka riga ka kai mu gida.