Huji Huɗu a Goshin Keke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Ilu mai gyaran keke, Allah ya jiƙansa. Da za a ba ni damar goge rana ɗaya daga rayuwata, da ranar da na ƙaryata shi a gaban jama'a zan goge, domin na san gaskiya ya faɗa, kuma ya san na sani. Ni ne Mamman, abokin sana'arsa, wanda ya zauna kusa da shi a rumfa ɗaya a bakin kasuwar Daura shekara da shekaru. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun tsoho.

Yaran yanzu ba su san matsayin keke a wancan lokaci ba. Malamin makaranta da shi yake zuwa aji, mai awon gyaɗa da shi yake zaga ƙauyuka, kuma duk wanda ya mallaki baƙin keken Ingila mai zanen ruwan zinari, to ko gaisuwar da ake yi masa daban ce. Daga baya kekunan Indiya da na Sin suka shigo, an kwaikwayi na Ingila ƙwarai har ido ba ya rabewa. Sai ya zamana kafin mutum ya karɓi tsohon keke, sai ya turo shi rumfarmu Malam Ilu ya gani. Daga Mashi ake zuwa, daga garin Babban Mutum ake zuwa, har da mutanen tsallaken iyaka.

Shi ba ya duban tambarin da ke goshin keke. Yakan ce tambari riga ce, kowa na iya aro. Yakan kife keken, ya shafa mahaɗar ƙarfe da babban yatsa, ya ji ko an goge bakinta ta yi siriri ko an bar ta da kauri. Ya kankare fenti kaɗan ya ga ko da tagulla aka liƙe ta. Ya leƙa lambar da aka buga ƙarƙashin sirdi, ya dubi yadda aka tsaga faifan sarƙa. Yana da gwangwani cike da noti, ya ɗauko ɗaya ya murɗa a gindin feda, in ya shiga salin-alin ya san gidan da aka ƙera shi. Daga ƙarshe sai ya ɗaga firam ɗin, wato gangar jikin keken, da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya karkata kai. Ƙarfen kirki yakan yi amo mai tsawo kamar tasa. Na kwaikwayo yakan ce ƙwal ya yi shiru.

Ga abin da na yi. Lokacin da na auri mai ɗakina, na cika baki a gaban danginta a Zango cewa zan kawo wa mahaifinta keken Ingila. Ba wanda ya tambaye ni, bakina ne ya ja ni. Shekara ta zagayo ban samu ba, ana ta tsokanar matata a gidan biki. Sai na samu wani keken Indiya mai lafiya. A bayan rumfarmu kuwa akwai wani firam na Ingila da mota ta take, ba ya gyaruwa, amma tambarinsa na tagulla yana nan garau. Na jira Malam Ilu ya tafi ta'aziyya ƙauye. Na ɓalle tambarin, na cire na Indiyan, na ga hujinsu bai zo daidai ba, na huda sababbi guda biyu, na kafe shi da ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe daga gwangwanin Malam Ilu. Na shafa baƙin fenti, na ja zanen zinari da gashin kaza. Na kai Zango, aka yi ta sa mini albarka.

Bayan wata uku, ranar kasuwa, sai ga surukina ya turo keken har rumfarmu, wai sarƙa tana zamewa. Mutane sun cika benci. Malam Ilu bai san daga inda keken ya fito ba. Ya gyara sarƙar, sannan bisa al'adarsa ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa.

Ya ce, "Baba, tambarin dai na Ingila ne, amma jikin ba nasa ba ne."

Surukina ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Mamman, me yake cewa?"

Da na durƙusa a nan na faɗi gaskiya, da kunyar yini ɗaya ce. Amma na yi dariya da ƙarfi, na ce, "Haba Malam, kunnen nan ya fara tsufa. Jiya ma sai da na kira ka sau uku kafin ka waiwayo." Benci ya fashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "To ashe mu ma duk kekunanmu sai a sake awo!"

Malam Ilu ya ajiye sifanarsa. Ya sunkuya ya dubi goshin keken, ya ɗora yatsa a kan ƙusoshin nan biyu. Ƙusoshinsa ne, shi yake yanka su da hannunsa daga wayar jan ƙarfe. Na ga yatsan ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi tsohon da ke jiran amsa. Sai ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, wataƙila kunnena ne. Keken kirki ne, Allah ya sa a kashe lafiya."

Magana zarar bunu ce. Kafin sati ya zagayo an laƙa masa Ilu Kurma. Masu zuwa daga nesa suka ragu. In ya ce firam na kaza ne, sai wani ya ce a kira Mamman ya tabbatar, ni da ban kai rabin saninsa ba. A hankali ya daina ƙwanƙwasa ƙarfe in akwai mutane, ya koma faci da ɗaure sifok na taya kawai. Mun ci gaba da zama a rumfa ɗaya, muna cin ƙosai a takarda ɗaya, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. Ni kuma kullum ina cewa gobe. Har aka ɗauke shi a makara ina cikin masu kama ƙafa, goben ba ta zo ba.

Yau rumfar ta zama wurin cajin waya. Babura sun cika gari, masu keke sai tsofaffi da masu tallar kunu. Abin mamaki, yanzu ne wasu mutanen birni suke yawo ƙauye-ƙauye suna neman tsofaffin firam, suna ɗaukar hoton lamba da tambari, suna aikawa ta waya a gaya musu wanda ya ƙera. Ina tunanin abin da Malam Ilu zai ce. Ina jin zai yi murmushin nan nasa ya ce hoto ba ya amo. Da yana raye, da yanzu ne za a san darajarsa, da layi za a yi a ƙofar gidansa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ya faru makonni uku da suka wuce. Ɗansa Sanusi, magidanci ne yanzu, yana gyaran babur a hanyar tasha. Na je gaishe shi na tarar da ɗaya daga cikin masu neman firam ɗin yana tambayarsa ko ya gaji sanin mahaifinsa. Sanusi ya yi dariya ya ce, "Ai Baba cinke kawai yake yi, wani lokaci ya dace. Ga Kawu Mamman nan, shi ya taɓa kama shi a kasuwa. Ko ba haka ba, Kawu?"

Na ce ina sauri, na wuce. Ban iya cin tuwo ba ranar. Ashe ƙaryar da na yi don in tsira daga kunyar suruki ba ta tsaya a kasuwa ba, ta bi mutumin har cikin gidansa, ta zauna a bakin ɗansa. Yaro ya tashi yana ganin ubansa ɗan cinke ne, alhali ubansa ya sayar da sunansa ne ya rufa mini asiri. Da na sani ƙeya ce.

Keken ya dawo wurina. Da surukina ya rasu, shi ne ya faɗo a rabon mai ɗakina, yana rataye a ɗakin ajiya tun lokacin. Shekaranjiya na sauko da shi, na gaya mata komai. Ta ce, "Ni ba ni za ka gaya wa ba." Na ɗauko kurfi da guduma na ɓalle tambarin. Ga su nan, huji huɗu a goshin keken, biyu na maƙeran Indiya, biyu nawa, nawa ma a karkace. Na ɗaga shi na ƙwanƙwasa. Ya ce ƙwal ya yi shiru, kamar yadda ya yi a wancan yini.

Jiya na tura shi da ƙafa har wurin Sanusi, taya babu iska, mutane na kallona. Na nuna masa hujin ɗaya bayan ɗaya, na zuba masa ƙusoshin ubansa a tafin hannu. Ya daɗe yana juya su. Bai ce ya yafe ba, ban kuma ga laifinsa ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, "Kawu, da wace sifana yake bugawa?" Na ce mai lamba goma sha biyar, wadda bakinta ya ɗan karye. Ya ce tana nan a akwatinsa, bai taɓa sanin amfaninta ba.

Malam Ilu bai bar gida mai bene ba, bai bar almajiran sana'a ba. Abin da ya bari shi ne kunnen da bai taɓa kuskure ba a sanina, da bakin da ya iya yin shiru saboda wani. Keken yana jingine a garejin Sanusi, duk wanda ya taɓa kiran Malam Ilu Kurma ya je ya ƙirga hujin da idonsa. Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. In mai gaskiya ya faɗi abin da zai kunyata ka, ka sha kunyarka a wurin, kada ka yi abin da na yi. Ni na jira har wanda zan roƙa ya shiga ƙasa.