Masu Zuwa da Ludayi

Kakata Iya Tabawa ba ta yin tatsuniya a kyauta. In an sauke tuwo, garwashi ya rage a murhu, sai ta jawo tabarma ta raba mana aiki. Wannan ya iza wuta, wancan ya juya masara, ƙanwata Ladidi ita ce mai amsa waƙa. Ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya ba. Kafin a ankara na ƙwace itacen, na ƙwace masarar, har waƙar Ladidi ni ke amsawa.

"Kai angona," in ji Iya, "in ka cinye aikin kowa, wa zai saurare ni?"

"Ke tsohuwa, ai su ba su iya ba ne."

"To zauna. Ga ta nan tafe, ta yau taka ce."

Wai wani manomi ne ya kira gayya. Gari ya fito, kowa da fartanyarsa. Duk wanda ya duƙa zai fara noma, sai manomin ya rugo: "A'a, ba haka ake kama ta ba, kawo ka gani." Ya karɓe. Ya je wurin na gaba, ya karɓe. Kafin rana ta take, fartanyun gari duk suna rungume a ƙirjinsa, ko sunkuyawa ba ya iyawa. Mutane suka koma gindin tsamiya, suka shanye furar gayya, suka watse. Da shekara ta zagayo ya sake kira. Sun zo kuwa, ba wanda ya ƙi. Sai dai kowa ludayi ya riƙo.

Duk na fi kowa dariya, har masarar ta ƙone a hannuna.

Ban sake tuna manomin nan ba sai a nan Alƙahira. Lokacin ina ɗalibi, kafin in ajiye karatu in kama aikin shago a unguwar Dokki, ɗaliban gidan da muke haya suka naɗa ni shugaba. Azumi ya zo, aka ce mu yi wa sababbin ɗalibai buɗa-baki, mutanen da ko jirgin ƙasa ba su gama koyon shiga ba, ga kewar gida. Usman, wani Bahaushen Sudan da muke ɗaki ɗaya, ya iya girki sosai, ya ce a bar masa shinkafa. Na ce ya bari. Wani ya ce zai sayo nama, na ce cutar sa za a yi. Na ɗauki jaka na ce, "Kar wanda ya taɓa tukunyar nan sai na dawo."

Na tafi Wustul Balad, can tsakiyar birni, karɓo yaji wurin wani da ya zo daga gida, na biya wurin mahauci, na biya wurin mai tumatir. Ga cunkoson gabanin magariba, kowa na sauri ya isa gida. A kan matakalar bene kiran salla ya same ni, ledoji rungume a ƙirji. Da ƙafa na buga ƙofa.

Na tarar da baƙinmu zaune a layi, an shimfiɗa leda, kowa da cokalinsa a gabansa. Ruwa da busasshiyar gurasa kawai suka sa a baki. Tukunya na can fes.

"Ma'alish, yi haƙuri ya shugaba," in ji Usman. "Kai ka ce kar a taɓa. Mun bi umarni."

Wani daga cikin sababbin ya ce, "Malam, ko a nan sai bayan tarawi ake cin abinci?" Wallahi ba ba'a yake ba, tambaya yake. Da ma zagina ya yi. Na kalli cokulan nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Usman, don Allah karɓi."

"Duka?"

"Duka. Ni me zan yi?"

"Yalla, ga wuƙa. Albasa."

Na gode wa Allah da albasar nan, don ta rufa wa idona asiri. Wannan ya kama wanke shinkafa, wancan yankan nama, har baƙin suka sa hannu, ana ta tsokanar juna. Sun ci, sun ƙoshi, amma ni na san azumin da na ƙara musu.

Da ina yaro, na ɗauka mutanen garin nan ragwaye ne, shi ya sa nake dariya. Ashe da fartanya suka fara zuwa. Shi ya koya musu ludayi. Iya ta rasu ban samu na gaya mata na gane ba. Amma har yau a shago, in na miƙa hannu zan fizge kaya daga hannun abokin aiki, sai in ji ta a kunnena: "Kai angona." Sai in mayar da hannun aljihu.