Faifan da Inna ta shafa wa turare

Ranar da za a yi wa Inna aikin ido a Kano, sai da ƙanwata ta lallashe ta kamar ƙaramar yarinya kafin ta yarda ta shiga mota. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, amma ita ta fi tsoron wuƙar likita a kan makantar. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: a sa mata muryar Malam a hanya.

Malam shi ne mahaifinmu. Kafin ya rasu, ya yi addu'a a sunan ɗana na fari, mai ɗaukar hoton taron ya naɗa, ya juyo mana muryar a faifan sidi. Shi kaɗai ne, babu na biyu. A addu'ar Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya bar Inna a ƙarshe, kuma wannan ƙarshen ne take jira duk sanda aka kunna. Rediyon gida ya daɗe da mutuwa, faifan yana ƙunshe a ƙasan adakarta.

Mun bar Bunkure da hantsi. Na karɓi faifan ko dubawa ban yi ba na cusa a rediyon motar. Ya yi ƙugi, ya yi shiru, ya tofo shi waje. Na sake turawa, ya sake tofowa. A karo na gaba ya haɗiye, ya ƙi magana, ya kuma ƙi fitarwa.

"Kai wannan, ban ji komai ba," in ji Inna daga kujerar baya. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Yanzu zai yi, Inna."

Ni mutum ne mai saurin hannu, kowa ya sani. Na kai wa rediyon duka da tafin hannu. Ƙanwata ta ce, "Yaya, muryar Baba ce a ciki fa." Sai na janye hannuna.

Na gangara gefen titi kusa da babban kanal, kafin Kura. Motocin tumatir suna wucewa, iskarsu tana girgiza tamu. Na kashe mota, na kunna. Na danne maɓallin fitarwa har yatsana ya yi fari. Na cire kan batir na mayar. Ina jin faifan yana juyawa a ciki yana karce wani abu, kowane juyi kamar a ƙirjina yake. Lokacin da likita ya ba mu kuwa yana ta matsowa.

Inna ta lalubi ƙofa ta buɗe. "In bai yi ba, ku mai da ni gida. Idon ya zauna haka."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa na tsorata. Na san Inna, in ta koma gida yau, ta koma ke nan.

Na ɗauko sukundireba zan ɓalle fuskar rediyon, ƙanwata ta ƙwace. Ta zaro wani faifan wa'azi daga aljihun mota, ta zura bakinsa kaɗan a ramin, ta ce in danna. Na danna, ta ɗan ɗaga. Faifan Malam ya leƙo, ta kama shi da farce.

Sai ƙamshi ya cika motar. Turaren Malam ne, irin mai maiƙon nan da yake shafawa ranar Juma'a. Gefen faifan mai ƙyalli ya yi dumu-dumu, ƙaiƙayin shinkafa ya manne a kai.

"Inna, me ya taɓa faifan nan?"

"Ni ce. Jikoki suna cakuɗa min shi da nasu, ni kuma ba gani nake ba. Da hanci nake gane shi. Kuma Malam bai taɓa zama Juma'a ba turare ba."

Haushi nake ji, tausayi kuma ya fi haushin yawa.

Ƙanwata ta fasa ledar ruwa, muka karɓi ɗan sabulu wurin wata mata da ke wanki a bakin kanal. Ta wanke faifan a hankali, ta goge da gefen mayafinta daga tsakiya zuwa baki. Maiƙon ya fita. Amma can wajen baki turaren ya riga ya ci robar, wurin ya yi fari kamar idon Inna. Muka dubi juna.

Na tura shi da bisimilla. Ya yi ƙugi. Sai ga gyaran muryar Malam, sai salati. Inna ta ja ƙofa ta rufe da kanta.

Ban tayar da mota ba, tsoro nake kada gargada ta katse shi. Ya yi min addu'a, ya yi wa ƙanwata, ya yi wa jariri, ya roƙa wa gonaki albarka. Duk muna riƙe da numfashi.

"Ita kuwa uwar yaran nan, Allah ya..."

Ya tsaya. "Allah ya... Allah ya..." Sai shiru. Na mayar baya, nan ya sake tsayawa. Na kai hannu zan sake, Inna ta ce, "Bar shi."

Ta ɗaga tafukanta, ta ƙarasa addu'ar da bakinta, kalma bayan kalma, har da inda Malam yake jan numfashi. Muka ce amin. Ta shafa a idanunta.

Na ciro faifan na miƙa mata. Ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa.

"Sabulu kawai nake ji," ta ce. "To, ja mu je. Yanzu ai dole in gan shi da ido."