Madubin Gwanjo da Tsohon Maharbi

Shekarun baya, lokacin ina jigila kullum tsakanin Suleja da Abuja, wata cuta ta kama ni wadda ba a sayar da maganinta a kemis, wato kallon tsuntsaye. Abokina ne ya shafa min ita. Malamin makaranta ne, mutumin Jos, mota ɗaya muke shiga da safe. Wata Asabar ya ja ni bayan Dutsen Zuma, ya miƙo min madubin hangen nesansa, ya ce in duba wani reshe. Tsanwaka ce a kai, shuɗin jikinta kamar yanzu aka tsamo ta daga rini. Wallahi sai da ya fizge madubin daga hannuna.

Daga ranar na ƙudurta sai na mallaki nawa. Na leƙa wani kanti a Abuja, aka faɗa min kuɗinsa, na ce Allah ya ba da kasuwa, na fito ina share gumi. Da na kai wa mahaifiyata kukana, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai wannan, tsuntsu kuma? Ga kajina nan a tsakar gida, zauna ka kalle su kyauta, ka ma watsa musu dawa."

Abokina ya ce kada in damu, ɗan koyo ba ya bukatar mai tsada, na gwanjo ma ya isa. Amma ya kafa min sharaɗi biyu. Kafin in biya, in ɗaga madubin in kalli wayar lantarki, in ta zama biyu in ajiye musu kayansu. Sannan duk dajin da zan shiga, in fara zuwa in gaida mai unguwa, a san da ni. Na ce na ji. Ban ji komai ba.

A kasuwar Suleja na samo shi, wajen masu kayan gwanjo, yana kwance tsakanin tsohon dutsen guga da rediyo. Mai kayan ya goge shi da bakin rigarsa ya ce, "Oga, da wannan har cikin wata za ka leƙa." Daɗin ciniki ya ɗebe ni, na biya ban kalli wayar kowa ba. Sai a gida na gano bishiyar mangwaron maƙwabcinmu ta zama biyu, kuma minti kaɗan kaina ya fara sarawa. Kunya ta hana ni gaya wa abokina.

Asabar ta gaba na hau mota ni kaɗai zuwa Sabon Wuse, na ɗauki acaɓa zuwa wani ƙauye da aka ce akwai rafi. Ban gaida kowa ba. Na laɓe a bayan wata ɗorawa, madubi a ido, ina rubuta abin da na gani a ɗan littafi. Ban tuna cewa lokacin masu garkuwa da mutane sun addabi yankin ba, kuma ta bayan rafin gidajen mutane ne da shanunsu.

"Kai! Kada ka motsa!"

Na waiwaya, sai ga 'yan banga biyar da gorori da bindigogin toka. Kafin in buɗe baki an ƙwace madubin da littafin. Na ji wani yana cewa, "Infoma ne, ga shi har yana rubuta gidaje." Jama'a suka fara taruwa. Na san abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan sunan. Na ce, "Don Allah ku tsaya, tsuntsaye nake kallo." Wani ya ce, "Ji rainin hankali!"

Sai shugabansu ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Wani tsohon maharbi ne, siriri, rigarsa duk layu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ka ce tsuntsu kake kallo. To wancan na kan reshe, mai dogon baki, me sunansa?"

Na ƙura ido, na ce, "Aku ne, Baba."

Cilakowa ce. Yaron goye ma ya san ta a garin. Aka ɗauki hayaniya, wani har ya cakumi wuyan rigata. Ni dai na fara salati.

Tsohon ya ce a sake ni tukuna. Ya karɓi madubin, ya jujjuya shi, ya ɗora a ido. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya ce, "Ku rabu da bawan Allahn nan. Wane ɓarawo ne zai aiko ɗan leƙen asiri da wannan tarkace? Saniya ɗaya zai gani ya kai rahoton biyu." Ya sa aka karanta littafin, aka ji an rubuta "wani baƙi mai jan wutsiya", "wani ƙarami mai surutu". Ya ce, "Wannan ba mugu ba ne, ɗan birni ne kawai." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da mutane suka watse ya yi min faɗa sosai a kan shiga gari ba sallama, na kuwa sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Madubin naka ba lalatacce ba ne gaba ɗaya, idanunsa ne ba sa jituwa. Rufe ido ɗaya, yadda muke yi in za mu saita bindiga." Na gwada. Bishiya ta koma ɗaya tas.

Muka zauna a gindin ɗorawar har azahar. Ko ɗaga kai ba ya yi, da kuka kawai yake gane su. Wannan ragon maza ne, waccan fakara ce tana kiran 'ya'yanta, wancan carki ne ya biyo shanu. Abin da nake wahalar nema a waya, duk yana cikin kan mutumin nan. Can wata hasbiya ta sauka kusa, ya karɓi madubin, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallonta. Da ya sauke, muryarsa ta canza. Ya ce, "Tun ina saurayi nake harbin hasbiya. Duk wadda na riƙe a hannu, idonta a rufe yake. Yau na ga tana ƙifta ido."

Na bar masa madubin. Ya ƙi, na nace, ya karɓa da hannu biyu.

Yanzu ina da mai kyau, abokina ne ya raka ni muka zaɓa, har ya tsaya a kaina na kalli wayar lantarki. Amma har gobe nakan manta, sai in ga na rufe ido ɗaya, kuma ba na shiga dajin kowa ban yi sallama ba. Tsohon maharbin nan ya tsare min raina da mutuncina a ranar da kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a gama da ni, kuma ina ganin girmansa har yau.

Da na koma gaishe shi bayan damina, madubin na rataye a wuyansa tare da layunsa. Na tambaye shi labarin bindiga. Ya ce, "Tana nan, saboda ɓarayi. Hasbiya dai na daina."